Kwanon Da Na Zubar Ranar Sunan Hafsatu

Babu wanda bai san labarin kwanon nan ba a cikinku, har waɗanda ba su yi wayo ba a lokacin. Kun ji shi a bakin gwaggwanninku, kun ji a bakin matan unguwa, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa: wai ranar sunan Hafsatu uwarku ta tashi a gaban mata ta doke kwano daga hannun surukarta, ta tona wa ƙanin mijinta asiri, ta kashe sana'ar gida. Ba ƙarya aka yi mini ba, duk na yi. Abin da ba a gaya muku shi ne abin da ke cikin kwanon, domin masu ba da labarin ba su taɓa farke cikin kifi ba, ni kuwa tun ina amarya wuƙa take hannuna. Yanzu da ido ya fara rauni na ga gara in zauna in rubuta muku da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da na yi, kafin in tafi a ci gaba da ba ku rabin magana.

Gidan da aka kawo ni gidan masunta ne, a ƙauyenmu da ke tsakanin Fassi da Kibiya. Mutane kan yi mamaki in aka ce akwai masunta a ƙasar noma irin tamu, amma Tafkin Marke da ke bayan gari ba ya ƙafewa ko rani ya yi tsanani, kuma tun kakanni gidanku ne ke riƙe da shi. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, shi ne Sarkin Ruwa. Shi ke faɗin ranar da za a shiga ruwa da ranar da za a bar kifi ya huta. Maza su kamo, mu mata mu gyara mu yi banda, ranar kasuwar Kibiya a ɗora a kai. Amma mai gidan ta gaskiya ita ce kakarku Iya. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, babu haƙori ko ɗaya a bakinta, amma in ta yi tari a ɗakinta sai tsakar gida ta yi tsit. Ban taɓa haɗa ido da ita ba, ban taɓa cin abinci tana kallo ba, in kuwa ina da magana da ita sai dai in bi ta bakin ɗanta.

Akwai wata al'ada a gidan da Iya ta riƙe kamar farilla. Duk macen gidan da ta haihu, da safiyar suna za a kamo tarwaɗa mafi girma, a cire hantarta, da ƙwanta in akwai, a yi farfesu da yajin jego, tsohuwar gida ta miƙa wa mai jego da hannunta a gaban mata. Wai shi ke sa nono ya yi kauri, yaro ya taso da ƙashin masunta. Duk haihuwar da na yi sai da na sha, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi gare shi. Sai kuma ku tuna matsayin babbar yayarku Uwani. Ita ce 'yata ta fari, sunan Iya aka sa mata, kuma tun da aka yaye ta a ɗakin Iya ta tashi. Ku yaran yanzu kuna rungume 'ya'yanku na fari a gaban kowa kuna ɗaukar hoto. Mu a lokacinmu ko faɗuwa Uwani ta yi a gabana sai dai in kau da kai, wata ta ɗaga ta. Ba ni da ta cewa a kanta, ta Iya ce.

Baffanku Sale shi ne autan Iya, kuma shi ne abokin wasana a gidan. In ya shigo zai ce, ina matata, yau me kika ɓoye mini a tukunya, ni kuma in ce mijin da ba ya cefane ba shi da kwano. Sale bai taɓa son ruwa ba. Garaya ya iya, kuma ya iya ƙwarai, in ya taɓa ta sai tsigar jikinka ta tashi. Ita ta kai shi gidajen da ba a faɗar sunansu a gaban iyaye, daga Rano har cikin Kano, ya yi wata uku ba a san inda yake ba, Iya tana kuka a ɓoye. Da aka ƙaddamar da Shari'a wuraren nan suka watse. Wata rana sai ga Sale da 'yar jakarsa, ya aske kai, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya ya ce ya tuba. Da hannunsa ya ba yara garayar suka yi wasa da ita har ta fashe. Ya shiga makarantar magariba wajen liman, yana zama cikin yara ba ya jin kunya. Ban taɓa ganin Iya cikin farin ciki irin na lokacin ba. Abu ɗaya ya rage, sana'ar da zai riƙe, domin noma ba ya iyawa, ruwa kuma tsoro yake ba shi.

Sana'ar ta zo ta hanyar siyasa. Da zaɓe ya matso, wani ɗan takara ya zo da mota cike da birgi sababbi ya raba wa masuntan yankinmu, aka yi tafi, aka ce romon dimokuraɗiyya ne. Da aka warware sai aka ga raga ce zalla, babu dalma. Ku da ba ku taɓa jefa birgi ba, dalmar da ke gefensa ita ce ke jan sa ƙasa ya rufe kifi, in babu ita zani ne kawai ka shimfiɗa a kan ruwa. Ga birgi a kowane gida, ga babu dalma. Sai Sale ya ce shi ya taɓa ganin yadda ake yi a Kano. Ya riƙa bin masu gyaran mota da masu acaɓa yana karɓo tsofaffin batura, ya kafa rumfa a gindin marken da ke bakin tafki, saboda aikin yana son ruwa. Ya fasa batir da gatari, ya tsiyaye ruwan a nan gefe, ya zare faifayen da ke ciki ya jiƙa su a tafki su kwana biyu don zafin ruwan batir ya fita, sannan ya narka a kasko ya zuba a ramukan da ya huda a jikin bulo. Tokar da ta taso a sama ya kwashe ya watsa a ruwa. Kafin shekara ta zagayo masunta daga nesa suna zuwa neman dalmar Sale. Ya yi sutura, ya fara maganar aure, liman har misali yake ba da shi a wa'azi.

Shekarar da ta biyo baya kowa ya ce albarka ta sauka a Tafkin Marke. Kifin da da sai an sha wuya, yanzu da safe za ka same shi ya taso sama yana buɗe baki, ko gudu ba ya yi sosai. Yara da hannu suke kama karfasa. Kaguwa kuma, wadda mutanen gari suke ƙyamata mu masunta muke ci, ɓawonta ya yi laushi, da yatsa za ka lotsa shi. Wannan ya fi komai yi wa Iya daɗi, ita da ta daɗe da haƙura da kaguwa saboda rashin haƙori.

“Kun gani ko?” in ji ta. “Yaro ya tuba, har kifi ya san ya tuba. Allah ya tausaya wa bakina.”

Ni ma na ce amin tare da kowa. Amma ni ce mai wuƙa. Duk mai gyaran kifi ta san abu na farko da ake dubawa shi ne jan abin nan na ƙarƙashin kunne, inda kifi yake numfashi. Lafiyayye ja wur yake, a tsefe kamar gashin da aka taje. Na fara ganinsa ya koɗe, ya manne da juna, da wani yauƙi mai kauri kamar majina. Hantar tarwaɗa da na sani sumul, mai duhun ja, sai in same ta ta kumbura ta yi fari-fari da ɗige-ɗige, in na ɗauko ta da yatsa ta dagargaje kamar dafaffen ƙwai. Baƙin jinin nan da ke manne da ƙashin baya ya yi ruwa. Macen da ya kamata cikinta ya cika da ƙwai sai in tarar da ɗan kaɗan, shi ma wani launi daban. Ƙananan kifi kuwa akwai masu lanƙwasasshen baya. Na fasa kaguwa na ga ɗan kitsen nan mai ruwan ɗorawa, wanda shi ne daɗinta, ya koma baƙi-baƙi. A waje kifi kyakkyawa, yana sheƙi, in aka yi banda ba mai cewa komai. Ciki ne ya ruɓe tun yana da rai.

A daidai lokacin aka kawo Uwani goyon ciki, cikinta na fari. Iya ta sa ta a gaba da kifi safe da yamma, tana tsince mata hanta tana tura mata. Ina kallo daga bakin murhu, ba damar magana. Rannan na kira mahaifinku bayan ɗaki na buɗe masa tarwaɗa a faranti.

“Malam, dubi wannan. Ka taɓa ganin hanta haka?”

Ya duba, ya shinshina. “Zafi ne. Bana ruwan ya yi zafi.”

“Zafi bai taɓa zuwa ba sai bana?”

“Ke dai ba kya ganin alheri ki yi shiru,” in ji shi, amma na lura bai ci kifi ba ranar.

Na nemi izinin zuwa Rano gaida yayata, ya ba ni. Na ɗauki tarwaɗa biyu da kaguwa a kwano na rufe da ganye. Akwai wani likitan dabbobi a can, Malam Bala, wanda yake duba awakin yayata. Na same shi Fulani sun kewaye shi da maganar allurar shanu. Da na buɗe kwanon wani dattijo a cikinsu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yau ga wadda ta kawo mataccen kifi asibiti, ko allura za a yi masa ya tashi. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Malam Bala ma ya yi murmushi, amma da ya sa almakashi ya buɗe sai murmushin ya tafi. Ya tambaye ni ko ana wankin fata a kusa, ko rini, ko ana zuba maganin feshi. Na ce babu ko ɗaya, mu ba mu da komai a bakin tafki sai rumfar ƙanin mijina mai dalma. Ya ɗago ya dube ni.

“Hajiya, dalma daga ina?”

Ban je Makka ba lokacin, amma ban gyara masa ba. Na ce daga batir. Ya ce shi ba zai yanke hukunci da ido ba, yana da aboki a Kano mai aikin awo, zai kai masa kifin, kuma zai zo ya ɗebi ruwan da laka. Ya ce kafin nan kada kowa ya ci, musamman yara da masu ciki. Da ya ce masu ciki sai Uwani ta faɗo mini a rai.

Bayan 'yan makonni ya zo da kansa a kan babur. Mahaifinku ya shigo da shi zaure, ya kira Sale, ni kuma na tsaya a bayan ƙofa. Ba zan manta da muryarsa ba, a hankali yake magana kamar mai ta'aziyya. Ya ce an samu dalma a lakar, an samu a kifin, mafi yawa a hanta da ƙoda da wurin numfashi, a kaguwa kuma cikin kitsen nan. Ya ce kifin da ke tasowa sama ba albarka ba ce, numfashi ne ya gagare shi, wurin shaƙarsa ya ƙone. Kaguwa kuma gubar ce ta hana ɓawonta yin ƙwari. Ya ce hanta ita ce matatar jiki, duk dattin da ya shiga nan yake taruwa, shi ya sa ta fi ko'ina lalacewa.

Mahaifinku ya ce, “To ai muna dafawa, likita. Muna banda. Wuta ba ta kashe ta?”

“Sarki, ba ƙwayar cuta ba ce balle ta mutu. Ƙarfe ne. Sale yana sa ta a wuta kullum, ta taɓa ɓacewa? Ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa. Ta shiga kifi ta zauna, mutum ya ci ta zauna a jikinsa. Mai ciki kuma tana ba abin da ke cikinta, in ta haihu ta ba shi a nono. Babba yana iya daɗewa bai ji ba. Jariri ƙwaƙwalwarsa take taɓawa.”

Na dafa bango. Na tuna duk hantar da na ga Iya ta tura wa Uwani, da hannuna na cire su, da hannuna na wanke. Abin da muka ɗauka shi ne mafi daraja a jikin kifi, wanda ba a ba kowa sai wanda aka fi so, ashe shi ne tukunyar gubar. Ban yi kuka ba, kaina ne ya yi fayau kamar an kwashe komai. Can na ji Sale yana cewa, da wata murya da ban san shi da ita ba:

“Amma ai wanke su nake yi. Don kada su cuci kowa nake jiƙa su.”

Malam Bala ya ce masa shi ma ya je asibiti a duba jininsa, domin hayaƙin kaskon ya fi kifin sharri. Sale ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ciwon ciki ne kawai yake damunsa jefi-jefi, kuma wannan basir ne.

Da baƙo ya tafi mahaifinku ya yanke shawara irin tasa ta mai son rufin asiri. Ya ce Sale ya tashi rumfar a hankali, a ce itace ne ya yi wuya. Shi kuma zai sanar an rufe tafki don kifi ya huta, yana da ikon haka, ba mai tambayarsa dalili. Kifin bandar da ke ɗaki a haƙa rami a binne. Ya ce in gari ya ji, Sale ba zai iya ɗaga kai ba, kuma mutumin da ya tuba jiya in ka kunyata shi yau ba ka san inda zai faɗa ba. Na yarda da wannan duka, har zuciyata. Na ce abu ɗaya, a gaya wa Iya.

“Zan gaya mata,” in ji shi. “Bari in sami lokacin da ya dace.”

Lokacin bai zo ba. Kullum na tambaya sai ya ce gobe. Na san abin da yake tsoro, ta yaya zai dubi tsohuwa ya ce mata sana'ar da take gode wa Allah a kanta dare da rana ita ce ta zuba guba a abincin jikarta. Ni kuma suruka ce, ba ni da bakin zuwa. Na riƙa yanka kajina ɗaya bayan ɗaya ina aika wa Uwani ta hannun 'yar'uwarku Talatu, na sa yayata ta zo ta kai ta awo Rano ta yi wa ma'aikaciyar bayani a asirce. Iya tana ta mita, wane irin hutu ne ake ba kifi ga 'ya da tsohon ciki. Har Allah ya sauki Uwani lafiya, aka sami Hafsatu, 'yar mitsitsiya, ba ta da nauyi. Na saci kallonta ina ƙirga yatsunta a zuciyata.

Ranar suna da hantsi gida ya cika. Mata har bakin rijiya, dangin mijin Uwani sun zo daga Dawaki, ana ta shewa. Ina can wajen tukwanen tuwo sai hancina ya jiyo ƙamshin da na fi sani a duniya. Na juya. Ga Iya ta fito daga ɗakinta da ɗan kwanon sha mai murfi, tana takawa a hankali, mata suna buɗa mata hanya suna guɗa. Daga baya na ji yadda aka yi. Da asuba ta kira Sale ta ce in yayansa ya hana kowa shiga ruwa, ita bai isa ya hana ta ba, ya je ya kamo mata tarwaɗa ko ta ɗaga masa nono. Sale ya tsaya tsakanin faɗin gaskiya da tsinuwar uwa, ya ce a ransa sau ɗaya dai ba zai yi komai ba. Shi da yake tsoron ruwa, ya shiga ya kamo, da hannu ma, don kifin ba ya gudu. Ta dafa a ɗakinta a kan ɗan murhun gawayi.

Uwani tana zaune a kan tabarma da jaririya a cinya. Ta miƙa hannu biyu. Ban san lokacin da na tsallake tukunya ba. Na dai ji bayan hannuna ya daki kwano, ya yi sama, ya faɗi yana ƙara a kan daɓe, romo ya fantsama a zanin Iya. Guɗa ta tsaya a maƙogwaron masu yi. Hantar ta faɗo a gabanmu, ta wargaje.

Iya ta dube ni, karo na farko da muka haɗa ido tun da aka kawo ni gidan.

“Ni kika doke wa kwano?” in ji ta, a hankali. “A kan 'yata?”

“Iya, ki yafe ni. Guba ce.”

Na faɗi haka ne don in kare kaina, ban yi tunanin yadda zai shiga kunne ba. Wata daga dangin miji ta miƙe tana salati, ta ce a gidan nan ake ba mai jego guba, kuma kakarta ce ta dafa. Nan take na ga inda maganar ta dosa. In na yi shiru, kafin la'asar an ce Iya mayya ce ko ta yi wa jikarta sammu, kuma ku kun san irin wannan suna ba ya wankuwa, har jikoki yake bi. In na yi magana, Sale ne. Ban sami lokacin zaɓi mai tsawo ba. Na ɗaga murya na ce Iya ba ta san komai ba, kifin tafki ne ya lalace gaba ɗayansa, likita ya auna ya tabbatar, dalmar batir ce da ake wankewa a ciki. Ban ambaci suna ba, amma mutum nawa ne ke wanke batir a Tafkin Marke. Na durƙusa na ɗauko hantar na nuna wa matan da ke kusa, na ce duk wadda ta taɓa gyara kifi ta duba ta faɗi gaskiya. Matar wani masunci ta leƙa, ta ja da baya, ta ce ita ma ta daɗe tana gani a nata, ta zaci idonta ne.

Sale yana soro ya ji komai. Kafin a raba tuwo ya fita, kuma bai dawo ba. Abin da ya biyo baya kun san shi. Labari ya riga mu zuwa kasuwar Kibiya, aka daina sayen kifin garinmu, har wanda aka kamo a wani ruwan. Iyayen yarinyar da Sale yake nema suka dawo da kaya. Masuntan da suka ci albarkacin tafki suka daina gaida ni, wasu suka tafi ci-rani ba su dawo ba. Mahaifinku ya riƙe sunan Sarkin Ruwa ba tare da ruwa ba, ya koma noman albasa yana koyo wajen yaran da ya haifa. Bai taɓa zagina ba, abin da ya ce kawai shi ne, da kin ja ta gefe. Na ce da ka gaya mata. Daga nan ba mu sake tayar da maganar ba har ya rasu. Iya kuwa ba ta ƙara cin abin da na dafa ba. In na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Na yi jinyarta da hannuna a ciwon ajali, tana karɓar ruwa in Talatu ta miƙa, in ni ce ta rufe baki. Wannan ya yi mini ciwo, har yau yana yi, domin ina son tsohuwar nan.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan jiran Hafsatu. Sa'o'inta suka zauna, ita ba ta zauna ba. Suka yi rarrafe tana kwance. Ta yi tafiya a makare, magana kuma shiru, har aka yaye ta aka yi mata ƙani ba ta ce baba ba. A asibiti suka ce a ci gaba da ba ta abinci mai kyau a jira, ba wanda zai iya cewa daga kifin ne ko ba daga shi ba. Na ajiye kunyar 'yar fari gefe, tunda dai na riga na zubar da ita tare da kwano, na karɓo yarinyar na riƙe. Ina wanke-wanke ina yi mata surutu kamar mahaukaciya. Ranar da ta fara magana, akuya ta gani tana cin dawata, ta ce kai. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba a bayan ƙofar zaure. Ku da kuke cewa yanzu Hafsatu ta fi rediyo, ba ku san abin da kuke tsokana ba.

Bayan rasuwar Iya da 'yan watanni, wata ranar da la'asar ina tsince wake, sai na ji sallama a soro, muryar da na sani amma ta tsufa. Sale ne. Ya rame, leɓɓansa sun yi duhu. Na tashi na tarbe shi da wasanmu na da.

“Mijin da ba ya cefane, yau ka tuna hanya?”

Ya yi ɗan murmushi. Na kawo masa ruwa a moɗa na miƙa, sai na ga bai karɓa ba. Ya ɗago hannayensa ya nuna mini. Daga wuyan hannu sun saki, suna reto, yatsun ba sa miƙewa. Ashe da ya bar gida Kano ya koma, wajen masu narka batir, don ita kaɗai ce sana'ar halal da ya iya. Bai koma gidajen nan na da ba, ko sau ɗaya, ya rantse mini. Yatsun da suke sa garaya magana, ko maɓallin riga ba sa iya sawa. Na riƙe masa moɗar ya sha.

“Yaya,” in ji shi, bai taɓa kirana haka ba sai ranar, “abin nan da kika gani a cikin kifi, likita ya ce haka nawa cikin yake. Ban zo don wannan ba. Ina yarinyar? An ce mini ba ta magana.”

Na ƙwala wa Hafsatu kira. Ta fito daga bayan ɗaki da ƙasa a gwiwa, ta tsaya tana kallon baƙo. Na ce ki gaida kakanki. Ta ce ina wuni, sannan ta ce ni ban san shi ba, kuma me ya sami hannunsa. Sale ya dube ta, ya dube ni. Ya miƙa mata hannun nan mai reto ya ce ta kama yatsansa ta matse da ƙarfi, iya ƙarfinta. Ta kama da hannu biyu ta matse har tana cije leɓe.

“Tana da ƙarfi?” ya tambaye ni. “Ki gaya mini, Yaya. Ni ba na ji.”

Na ce tana da ƙarfi, Sale. Ya sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan rigarsa, ba shi da hannun sharewa. Hafsatu ce ta ja bakin zaninta ta goge masa.